Fartanya Cikin Tabarma

Wata Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, a daminar da na shiga aji huɗu na firamare. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye da laka, ni kuma ina tafe a kan hanyar gona da naɗaɗɗiyar tabarma a kaina, an ɗaure ta da igiyar rama gaba da baya. A cikin tabarmar akwai duk fartanyoyin gidanmu da gatari guda. A gabana Baba ne da ƙanensa Baba Sani da yayana Lawali, maza uku majiya ƙarfi, suna tafe hannu rabbana suna hira kamar waɗanda aka gayyata ɗaurin aure. Wuyana ya sage, ƙota ɗaya tana ta zungurin ƙeyata, santsi na neman kayar da ni. Masu zuwa kasuwa suna ta wuce mu don su tari mota a bakin titi. Daidai rijiyar bayan gari, inda 'yan mata sa'o'ina suke jan ruwa, wani tsoho a kan jaki ya ja linzami, ya dubi abin da ke kaina, ya yi fuskar tausayi ta ƙarya, ya ce, "Subhanallahi, ɗiya, wa yar rasu?" 'Yan matan nan suka saki guga suka kwashe da dariya, har wata ta zauna a cikin laka. Daga ranar sunana ya tashi daga Asabe ya koma Asabe Mai Gawa, kuma akwai tsofaffin ƙawayena da har yau da shi suke kirana a gidan biki.

Na dawo gida ina kuka, na wuce ɗakin Inna kai tsaye zuwa ƙofar Kaka, mahaifiyar Baba, domin na san wadda ta ja mini. Tana zaune a kan buzunta tana kaɗi, abawa na sauka a kan mazari. Na zayyana mata komai, da tsohon da jakinsa da dariyar. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazarin, ta ce, "In dai gawar kalme ta, ɗauki ki gode Allah." Kalme shi ne fartanya a bakin mutanenmu. Na tsaya ina jiran ƙarin bayani, sai ta ce in miƙo mata faifai. Wallahi ranar da ina da iko da na watsa audugar nan a tsakar gida.

Dokar Kaka ke nan, kuma a duk ƙauyenmu, da ke kusa da Kurya Madaro, gidanmu kaɗai ke da ita. "Ƙarhe ba ya hawa kahwaɗa gidan ga," haka take cewa. Namiji ba ya fita daga zaurenmu da fartanya ko gatari ko lauje a kafaɗa, kai ko a hannu ma ba ta yarda. Sai a naɗe su a tabarma, a ɗora wa yarinya, ta kai gona, da yamma ta koma ta ɗauko. Idan sun dawo gida kuma ba a jingina su a bango yadda kowa ke yi, sai a tura su ƙarƙashin rumbu a rufe da ƙaiƙayi, inda kunama ke son kwana. Kafin ni yayata ce ke wannan dako, da ta tafi gidanta sai abin ya faɗo kaina, kamar wata sarauta da ake gada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya taɓa musu. Baba, mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure awaki ma sai sun natsu, yakan tsaya ya naɗe tabarmar da hannunsa ya aza mini, ya ce, "Yi haƙuri, Asabe." Haƙurin me? Ba wanda ya faɗa.

Da a ce Kaka ta rikice ne da na yi mata uzuri, to amma ba mai hankali irinta a unguwar. Ita ke raba gardamar mata a kan gishiri da kanwa, ita ke sanin ranar da tunkiya za ta haihu, daddawarta kuwa har daga Kaura ake aiko saye. Bakinta ya fi barkono. Abu biyu ne kawai muka rasa kansu game da ita bayan dokar ƙarfe. Na farko, ba ta taɓa faɗin garinsu ba. In ka matsa mata sai ta nuna yamma da haɓa ta ce, "Can." Na biyu, Baba, ɗan da ta haifa da cikinta, "Yaya" take kiransa. Mun san dai an sa masa sunan wani wanta, Garba, kuma hakan ba baƙon abu ba ne, amma yadda take kiran ne ke ba mu dariya. Ko Baba yana gabanta, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, sai ta ɗaga murya ta ce "Yaya!" kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Ni da Lawali mukan laɓe bayan rumbu mu kwaikwaye ta har cikinmu ya yi ciwo.

Wannan dako ya ci mini ƙuruciya ba kaɗan ba. Kafin in kai kayan gona in dawo in wanke ƙafa in sa rigar makaranta, an riga an buga ƙarfe an shiga layi, sai in tarar da malami a bakin ƙofa da tsumagiyarsa. Tafin hannuna ya san ta fiye da na kowa a ajin. Da yamma kuma, lokacin da sa'o'ina ke zube a gindin tsamiya suna carafke da 'yar gala-gala, ni ina kan hanyar gona zan ɗauko gawata. Abin haushin, a makaranta muna da 'yar gonar gyaɗa a bayan aji, kuma duk ranar aikin gona sai malami ya jera mu, kowa ya saɓa fartanya a kafaɗa, mu tafi muna maci kamar sojoji. Ba wanda ya kai ni jin daɗin wannan maci. Nakan ɗaga kai in buga ƙafa da ƙarfi, ina ayyanawa a raina da ma Kaka ta leƙo ta katanga ta ga yadda ƙarfe ya zauna daram a kafaɗata kuma sama ba ta faɗo ba.

Lawali ma yana da nasa takaicin, kuma ya fi nawa zafi. A lokacin in noma ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya. Samarin gari su haɗu tun da hantsi bai yi ba, makaɗi a gaba da gangar noma, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, su faɗa wa gonar su gama da ita a yini guda, mai gona ya ciyar da su fura da tuwo. A nan ake sanin saurayi, a nan 'yan mata ke zaɓe da ido. Gidanmu ba ya zuwa gayya, ba ya kiran gayya. In ganga ta taso daga kan tudu, Kaka takan sa a ja ƙyauren zaure, ta zauna ta zuba wa Lawali ido har sautin ya yi nisa. Yakan zauna a bakin turke yana fasa kara da haƙori, idanunsa jawur. Samari sun sa masa suna Ɗan Kaka, kuma ya sha dambe a kan sunan.

A daminar da nake magana abubuwa suka haɗe mana. Baba Sani ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, ya kwashe iyalinsa ya tafi bayan an gama shuka. Ba a daɗe ba Baba ya hau gyara jinkar rumbu da iska ta yaye, tsani ya zame, ya faɗo a kan ƙafarsa ta dama. Aka ɗauko wani mai ɗori daga wajen Zurmi, ya ja ƙafar ya jera mata karare ya ɗaure, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai an ga watan gaba ya tsaya ya kuma yi nisa. Babbar gonarmu ta gero da dawa, wadda maza uku ke fama da ita, ta koma hannun Lawali shi kaɗai, yaron da gemu bai fito masa ba. Ruwa kuwa a shekarar kamar da gayya yake zuba. Lawali ya nome gabas, kafin ya kai tsakiya harkiya da ƙiri-ƙiri sun sake rufe inda ya baro. Ni da ke kai masa kaya kullum ina gani da idona: geron ya tsaya a gwiwa, ya yi rawaya, ciyawa ta fi shi tsawo. A gida kuma rumbu ya yi ƙasa, har Inna sai ta zura rabin jikinta kafin ta taɓo dami. Mun koma tuwo sau ɗaya, da rana a yi kwaɗon tafasa. Ko yaro ya san in gonar nan ta tafi, shekara mai zuwa ba mu da abin sa wa a baki.

Inna mace ce mai kunyar suruka, ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dubi Kaka ba. Amma wata safiya na gan ta ta je ƙofar ɗakin Kaka ta durƙusa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Inna, gero na mutuwa. Ki bari a kira gayya." Kaka ta ce, "Shi mutu. Gero ana sake shuka shi." Inna ta ce, "Da mi za mu ci da yara?" Kaka ta juya mata ƙeya ta ci gaba da kaɗi. Baba yana jin su daga ɗakinsa, ƙafa a miƙe. Ni da ke shara a tsakar gida na ji kamar in kurma ihu. Tsohuwa ta zauna a kan buzu za ta kashe gida da yunwa saboda wata doka da ko dalilinta ba ta iya faɗi, kuma kowa ya sunkuyar da kai! Na buga tsintsiya da ƙasa har Inna ta harare ni.

Ashe Inna ta gama shawara da zuciyarta. Ƙanenta, Kawu Ɗanjuma, shi ne sarkin samarin garin. Ta aika aka kira shi ta bayan gida, suka yi magana ta kan danga. Ya ce samari za su yi ƙorafi, tunda gidanmu bai taɓa taya kowa ba, amma zai shawo kansu saboda ita. Aka sa rana. Inna ta kwashi ɗan geron da ya rage da wanda ta samo a gidansu, aka kai maƙwabta, a can aka yi surfe da daka da dambun fura, don kada Kaka ta ga manyan tukwane ta yi tambaya. Shirin shi ne samari su bi ta bayan gari su wuce gona, a gama a dawo, Kaka ba ta sani ba. Ni aka sa jigilar ƙwarya, kuma ban taɓa yin aike da farin ciki irin na ranakun nan ba.

Abin da Inna ba ta lissafa da shi ba shi ne makaɗi. Da safiyar ranar, da samari suka haɗu, sai makaɗin ya ce ai ba a yi wa mutum gayya yana kwance a wuce ba a gaishe shi ba, a bi ta ƙofar gida Baba ya ji ganga ya ji sanyi a ransa. Samari suka ce haka ne. Muna tsakar gida sai muka ji kiɗa ya karyo kwana ya nufo mu, ƙasa na amsawa. Inna ta dafe ƙirji. Na ruga zaure na leƙa, ga su nan sun cika hanya, ƙarafa na walƙiya a kafaɗu, kuma a sahun gaba ga Lawali, ya ari fartanyar wani ya saɓa, bakinsa har kunne. Ban san lokacin da Kaka ta wuce ni ba. Matar da sai an riƙe ta take tsallake dokin ƙofa, sai ga ta a tsakiyar hanya, ba mayafi, ba takalmi, mazari a hannu, ta ware hannuwa biyu kamar mai tare garke. Ganga ta mutu. Ta nufi Lawali ta cakumi wuyan rigarsa, ta ɗaga murya irin yadda take kiran Baba, ta ce, "Yaya! Kak ka bi su! Aje shi, Yaya!"

Wasu samari suka fara dariya, suka kuma haɗiye ta da suka ga fuskarta. Kawu Ɗanjuma ya matso ya rusuna, ya ce, "Inna, noma za mu, gonar ɗanki." Ta ce, "Su ma noma za su." Ya ce, "Su wa?" Sai ta faɗi sunan da ba mu taɓa ji a bakinta ba. "Ni mutunniyar Satiru ta. Kalme munka ɗauka, da kalme anka san mu. Nasara ba ya tambaya ina za ka. In yag ga taro da ƙarhe ga kahwaɗa, ya gama shari'a." Ni dai sunan bai ce mini komai ba, haka yawancin samarin. Amma tsofaffin da ke zaune a dakalin masallaci na ga sun dubi juna, ɗaya ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Sauran labarin a hankali na tsinto shi, a ranakun da suka biyo baya, ina taya ta gurzar auduga, tana ba ni shi gutsure-gutsure kamar mai rowar ƙuli-ƙuli. Tana ƙarama, ba ta kai ni ba, mutanen garinsu da ke kusa da Sakkwato suka yi wa Turawa tawaye, talakawa da fartanya da gatari, har suka yi nasara a karon farko. Da Turawa suka dawo da bindiga mai ruwa, mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, ba su tsaya a kan waɗanda suka yi faɗa ba. Aka kashe maza, mahaifinta a ciki, aka bi masu gudu har cikin daji, aka rushe garin ba a bar bango tsaye ba, aka tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin, aka tara mata da yara aka rarraba. Ita da mahaifiyarta da wanta Garba suka sulale, suka faɗa wani ƙauye suka ce yunwa ce ta koro su daga Adar. Da damina ta sauka samarin ƙauyen suka kira gayya, Garba ya ari fartanya ya shiga cikinsu don kada a ce baƙo ne. A lokacin sojoji na bin ƙauyuka suna neman mutanen Satiru. Suka ci karo da taron a hanya, suka ɗaure su duka. Mai gari ya zo ya dinga nuna na gida, wannan ɗan wane ne, wannan jikan wane, ana kwancewa. Aka zo kan Garba ba mai cewa nasa ne. Mahaifiyarsa na tsaye a cikin mata, ta san in ta buɗe baki da ita da yarinyar za a haɗa. Kaka ta ja numfashi za ta kira shi, uwar ta toshe mata baki da tafin hannu, ta riƙe har aka wuce da shi. Ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Daga baya suka yi ta gusawa gabas har suka zauna a ƙasar Zamfara. Da na ji wannan, na daina kwaikwayon yadda take kiran Baba.

Amma a safiyar nan ba wanda ya san duk wannan, kuma rana na ɗagawa, gero na jira. Wani saurayi ya yi gunaguni ya ce Nasara ai ya tafi tun ba a haife shi ba. Kaka ta ce, "Kai ka raka shi?" Inna na bayan ƙyaure tana hawaye, furar da ta ci sauran hatsinmu na jibge a maƙwabta. Sai Kawu Ɗanjuma ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa ya ajiye a gaban Kaka, ya ce, "To Inna, ƙaƙa kika so a yi?" Lawali ya ajiye tasa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi, ƙarafa suka taru a ƙofar gidanmu. Kaka ta dubi tulin, ta dubi gabas inda gonar take, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ku tahi biyu-biyu, kowa da hanya tai. Ba kiɗi. A kira ɗiya mata da tabarmi."

Ranar na ga sakayya tun a duniya. Duk 'yan matan da suka yi mini dariya a bakin rijiya aka tattaro su, kowace da tabarmar uwarta, aka naɗe fartanyoyi aka aza musu. Ni na shige gaba, tunda ni na san yadda ake daidaita gammo don kada ƙota ta ci ƙeya, kuma ban koya wa kowa ba sai da suka roƙe ni. Muka jera a kan hanyar gona, gawa bayan gawa, wadda ta zauna a laka don dariya tana bayana tana nishi. Samari suka ɓullo ta kowace kusurwa hannu rabbana. Makaɗi ya biyo baya da ganga a rataye, yana ta mita wai an raina sana'arsa. Gayya ce da ba a taɓa yin irinta ba, ba kiɗa ba kirari, sai ƙarar ƙarfe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin la'asar ta yi sanyi geronmu ya fito fili yana shan iska.

Kaka kuwa ba ta koma ciki ba. Ta sa aka kawo mata buzu bakin zaure, ta ƙi fura, ta ƙi inuwa, ta ce kowa in ya taso ya biyo ta gabanta. Haka suka dinga zuwa biyu-biyu suna rusunawa, tana duba fuskokinsu tana cewa, "Wuce." Lawali ne bai zo ba. Ya tsaya wanka a rafi da abokansa, abin da bai taɓa samu ba, yana ta sheƙa dariya. Rana ta yi ja, Kaka ta miƙe tsaye ta dafa bango, ta ƙura wa hanya ido. Da ya ɓullo yana fito, riga a kafaɗa, ta bari sai da ya zo daf, ta ɗauke shi da mari, sannan ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ƙi saki har aka kira magariba. A shekarar ba mu cika rumbu ba, don an makara, amma abin da aka samu ya kai mu wata kakar. Dokar ƙarfe kuma ba ta tashi ba sai da Kaka ta rasu, na ci gaba da dakona ina ƙunƙuni, sai dai ba wadda ta ƙara yi mini dariya da gaske.

Da na girma na shiga kwalejin horon malamai, na ci karo da Satiru a littafin tarihi, 'yan layuka kaɗan, an kira su masu tayar da fitina, an wuce zuwa gina hanyar jirgi. Na rufe littafin da ƙarfi har wadda ke kusa da ni ta firgita. Haushin da na shekara ina ji na Kaka ya koma kan Turawan. Mutane su zo ƙasarka, su hukunta gari guda har da jariransa, su bar yarinya da tsoron da zai bi ta har furfura, ya kusa kashe jikokinta da yunwa, su kuma su tattara su koma gida abinsu. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Yanzu na ajiye alli, ina zaune a Kaura, a gidan haya kusa da tasha. Ƙauyenmu ya watse, gonar da aka yi wa gayya shekaru ke nan ba wanda ya taka ta, masu bindiga na daji sun hana. Gangar noma ban san rabon da in ji ta ba. Autana, mai sunan Baba, Garba na uku ke nan a zuriyarmu, ya sami 'yar gona a gefen gari. A daminar bana wata safiya na fito alwala na gan shi a ƙofar gida da abokansa, kowa da fartanya a kafaɗa, za su taya shi noma. Hanyar akwai shinge, akwai masu sintiri da ransu ke a wuya, bayan su kuma akwai na daji, kuma daga nesa ba mai bambance ƙota da bakin bindiga. Ban san lokacin da na ji muryata ta ce su ajiye ba. Garba ya ce, "Haba Inna, noma fa za mu." Na ce na sani. Na shiga na ɗauko tabarma na naɗe su da igiya, hannuna bai manta ba. Na waiwaya zan kira jikata Hafsatu, tana aji huɗu, tana tsaye da jakar makaranta tana kallona, sai na tuna zamanin da muke ciki. Kaka ko ba komai tana da yarinyar da za ta aika ta kuma tabbata za ta dawo. Na ce wa Hafsatu ta wuce makaranta, na naɗa gammo, na ce wa Garba ya aza mini.

Nauyin yana nan yadda na bar shi.